Rumfar Kunne Mai Salansa

Tun kafin mota ta shawo kwanar layin, Kunne ya riga ya san abin da ke damunta. Yana durƙushe da baƙin tabarau a fuska da tsinken walda a hannu, sai ya ɗago kai ya ce wa duk wanda ke kusa, "Wannan mai tahowar wuyan salansarta ne ya tsage." Wani lokaci ya ce, "Wannan kam tukunyar ce ta ruɓe, ruwa ya cinye ta." Motar ta iso, a leƙa ƙarƙashinta, a tarar da abin daidai inda ya faɗa. Daga nan sunan ya samo asali, ya bi shi har cikin gida. Hatta matarsa in ranta ya ɓaci, Kunne take kiransa.

Waɗanda suka koyi walda tare da shi duk sun bi ƙofofi da tagogi, inda aiki ke da gwaɓi. Shi ya zaɓi salansa, aikin kwanciya a ƙasa tsatsa na zubo maka a ido. Ƙarfen salansa siriri ne. Wanda hannunsa bai faɗa ba, yana ɗora wuta sai ya huda shi, ya je toshe huji ɗaya ya buɗe uku. Kunne kuwa ɗinki yake yi da wuta, ka shafa wurin ka rasa inda ya fara.

Yakan ce wa masu kawo aiki salansa gida ce mai ɗakuna. Ƙara takan fito daga inji a fusace, ta shiga ɗakin farko ta bugi bango, ta bi ta bututu mai huji-huji ta faɗa na biyu, wata auduga mai ƙaiƙayi da ba ta cin wuta ta shanye sauran fushin. Kafin ta kai waje ta huce. Ƙa'idar aikinsa ɗaya ce, ba ya taɓa salansa sai ya ji ta. A tayar da inji, a ba shi wuta sau uku ko huɗu, ya toshe bakin bututun da tsumma, ya bi jikinsa da kunne da tafin hannu yana neman inda iska ke tserewa. In ya gama gyara a sake tayarwa, ya saurara, sannan ya sallami mutum.

Shekara ashirin da shida rumfarsa na bakin layin, jingine da bangon kemis. Turakun ƙarfe huɗu ne, da rufin kwano, da teburin aiki, da benci ɗaya da zama ya sa ya yi santsi. Da wannan rumfar ya ciyar da yara biyar, ya kai babbarsu har jami'a. Ta gama ta dawo gida tana jiran aiki, mutanen layi suka sa mata suna Digiri, duk mai takardar da za a cike ko wasiƙar da za a rubuta ita yake nema.

Mai kemis ɗin shi ne amininsa. Shekara ɗaya suka zo layin, dukansu ba su da komai. Kunne ne ya ƙera ƙofar shagon da kantocin da aka jera magani a kai. Shi kuma mai kemis, duk ranar da hasken walda ya shiga idon Kunne ya hana shi buɗewa, shi ke zaunar da shi ya ɗiga masa magani yana masa faɗa. Kunne na kiransa Likita don tsokana, har sunan ya zauna. 'Ya'yan kowannensu Baffa suke ce wa ɗayan. Ranar da autan Likita ya faɗo daga katanga yana ɗan shekara shida ya karya ƙafa, uban ba ya nan, Kunne ne ya saɓe shi a kafaɗa da kayan aiki a jikinsa ya kai shi asibiti.

Da rana ta take, Likita ya fito da kofin shayi biyu su zauna a bencin.

"Likitan da bai taɓa ganin ƙofar jami'a ba, ya marasa lafiya?"

"Suna nan suna jira ka buga musu guduma a ka, in sayar musu da maganin ciwon kai. Ci gaba da aikinka, kai ne kasuwata."

"Ranar da na tashi daga nan shagonka ya rufe ke nan."

"Ina za ka? Wa zai karɓi tsohon ƙarfe irinka?"

Haka suke, har yayin cire hanjin salansa ya shigo wa samarin unguwar. Na farkon da ya kawo wa Kunne wannan buƙata ɗan wani direban tanka ne, ya turo babur ɗinsa sabo fil.

"Baba, so nake ka cire mata hanji."

"Laifin me ta yi maka?"

"So nake in na taho a san na taho."

"Ka sayi ƙararrawa ka rataya a wuya, ya fi sauƙi. Ni rufe bakin inji na koya, ban koyi buɗewa ba."

Yaron ya yi dariya ya tafi wani wurin aka yi masa. Kafin wata uku layin ya koma wani abu daban. Tun safe har yamma sai ka ji kamar ana yaga kwano. Jaririn gidan Tela ya daina barcin rana. Wani tsohon malamin makaranta mai ciwon zuciya ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin ajiya na bayan gida. Wadda ta fi kowa shan wahala Sista ce, ma'aikaciyar jinya, wadda ke kwana a wurin aiki ta dawo da safe ta nemi barci, ga tagarta a kan titi.

Ita ce ta fara kai hannu. Wata ranar Talata ta laɓe a bayan ƙofa da bokitin ruwan wanki, ta sheƙa wa na farkon da ya wuce. Ashe ɗan direban tanka ne. Uwarsa ta fito ko takalmi babu.

"Ke wace ce da za ki watsa wa ɗana ruwan datti?"

"Ɗan naki ya mayar mana da layi filin jirgi! Kwanana uku ban rintsa ba, jiya saura kaɗan in yi wa mara lafiya allurar wani."

"Titin na ubanki ne? In barci kike so ki koma daji."

Sai da Kunne ya ajiye tabarau ya shiga tsakani. Daga ranar gaisuwa ta ɗauke tsakanin gidaje. Wani ya watsa ƙusoshi a titi, tayar Tela ce ta fara taka su. Wani ya jera duwatsu, mai kawo ruwa ya yi tuntuɓe da su ya fasa jarkoki biyu.

Duk cikin baburan akwai ɗaya da ya fi ƙarfin misali. Baƙi ne, ƙato, ba lamba, mahayinsa na sanye da hular kwano mai baƙin gilashi. Sau uku yake ratsa layin a yini, in ya wuce tagogi su yi ta rawa, motocin da ke ajiye su ɗau kuka. Mutane suka sa masa suna Aradu. Ba wanda ya san mai shi sai Kunne, wanda ya gane shi tun rana ta biyu. A ƙarƙashin rugugin akwai wani siririn fito da ke fita duk lokacin da aka saki totur. Wata huɗu kafin nan ya miƙe wani bututu da ya lanƙwashe a faɗuwa, wurin ya ɗan tsuke, kuma shi ke wannan fiton. Auta, ɗan Likita, shi ne ya kawo babur ɗin a lokacin, ubansa na tsaye. Likita ne ya saya masa da ya gama karatu, ana ajiye shi a sitonsu na bayan babban titi.

Kunne ya jira har kemis ya zama ba kowa, ya shiga ya janyo ƙofa.

"Likita, Aradun nan na Auta ne."

Likita bai yi musu ba. Ya zauna a kan kwalin magani ya dafe kai. "Na sani. Na yi faɗan, na yi lallashin. Kunne, ka rufa min asiri. Sunan yaron nan ya fito a aikin da ya nema, yanzu ake tantance su. In sunansa ya shiga takardar hukuma da wani laifi, shi ke nan an wuce shi. Ni kuma ga ni ciyaman na kwamitin layi. Da wane ido zan kalli mutane?"

"Ka turo min babur ɗin in mayar masa da hanjinsa, magana ta mutu."

"Zan turo. Amma ka yi min alkawari, ko Umman yaranka kada ta ji."

"Auta ai ɗana ne. Na yi maka."

Ranar Asabar da la'asar aka yi taron layi a gaban kemis, kowa ya fito da kujerarsa. Aka yanke a kai kuka hukumar da ke kula da muhalli. Digiri ta rubuta wasiƙar, ta karanta aka ji, ana roƙon a hana cire hanjin salansa, a kuma sa tudun rage gudu a layin. Kunne ne ya fara sa hannu, ya kuma bi gida-gida da takardar yana lallashin masu jan ƙafa. A wurin taron ya miƙe ya ce duk yaron da aka kawo babur ɗinsa zai mayar masa da salansa yadda take, kyauta. Aka tafa masa. Sista ta ce, "Baba, Allah ya bar mana kai."

Bayan mako guda hukuma ta aiko da amsa, ta ce a kawo shaida. Likita ya ce kowa ya riƙe wayarsa a kusa, ya ɗauki bidiyo.

Ɗaukar babur mai gudu ba wasa ba ne. Kafin mutum ya laluba aljihu ya buɗe waya, ya wuce, sai hayaƙi. Amma a rumfar Kunne babura tsaye suke. Iyaye suka riƙa taso ƙeyar 'ya'yansu, cikin mako biyu babur tara suka shiga hannunsa, kuma kowanne sai ya tayar da shi ya ba shi wuta kafin ya taɓa. Sai mutane suka samu sauƙin ɗauka. Da sun ji an tayar da inji a bakin layi, su ɗaga labule su saita waya, su ɗauka a tsanake.

Digiri ce ke tattara bidiyoyin. Ta zauna a tsakar gida ta kalle su ɗaya bayan ɗaya, ta sake komawa farko. Ta samu uban yana wanke hannu da omo.

"Baba, duk bidiyon nan rumfarka ce a ciki. Goma sha ɗaya, babu ɗaya da ya nuna titi."

"To ai nan suke tsayawa."

"Wanda bai san zancen ba zai ɗauka kai ne kake buɗe su. Ga ka nan kana murɗa totur da hannunka."

"Likita ne zai kai, shi zai yi musu bayani. Ke dai karatu ya sa miki tsoro."

Ba ta haƙura ba, ta je kemis ta faɗa wa Likita, ta ce bari ta ƙara shafi ɗaya na bayani. Ya karɓi wayar ya tura bidiyoyin cikin tasa. "Digiri ke nan, sarkin tsoro. Bakina ya fi shafinki. Babanki fa ake magana."

Ranar Litinin da hantsi wata motar ɗaukar kaya ta sauke Aradu a gaban rumfar ta juya. Layin ya fito kallo kamar an kama ɓarawo.

"Kunne, na waye?"

"Na mai shi ne."

"Ka faɗa mana mu je mu gaishe da uwarsa."

"Ku bar ni in yi aikina."

Ya tayar da shi. Rufin rumfar ya ɗau rawa, kofin shayi ya gangaro daga benci. Sista ta tsaya a ƙofarta ta ɗauki bidiyon minti biyu cur. Ya kashe, ya kwance salansar, ya tsaga ta biyu a tsaye. Ciki fayau, an share ɗakunan kaf, ko ɓurɓushin auduga babu. Wannan ba aikin toshe huji ba ne, sai an yanko sabon ƙarfe an gina kowane bango daga farko. Ya ƙiyasta kwana uku. Ya ture sauran ayyuka ya duƙufa.

Ranar Laraba ma'aikatan hukuma suka zo, maza biyu da wata mata mai riƙe da fayil, ita ce shugabarsu. Likita ya tarye su da babbar riga, mutanen layi suka kewaye. Kunne ya goge hannu a wando ya matso da fara'a, don a ganinsa baƙin da ya gayyato ne.

Matar ta buɗe waya ta nuna masa. "Wannan kai ne?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Gwaji nake yi. Ba na gyara sai na ji."

"Wannan fa? Da wannan?"

"Duk ni ne. Gyara su nake, ina mayar musu da abin da aka cire."

Ɗaya daga cikin mazan ya ɗauko rabin salansar Aradu daga kan tebur, ya juya ta, ya nuna wa matar cikin da ba komai. Ɗayan ya fito da wata 'yar na'ura mai kan soso, ya ce a tayar da babur ɗin su auna.

"Yallaɓai, ba salansa a jikinsa. In na tayar da shi haka, ai ko sabon babur ne sai ya fasa kunne. Ku ba ni zuwa gobe ku auna."

"Abin da muka tarar shi za mu auna. Tayar."

Ya tayar. Mata suka toshe kunne, jaririn Tela ya tsanyare da kuka daga cikin gida. Mutumin ya kalli na'urar ya karanta wa matar lamba, ta rubuta.

"Babur ɗin waye?"

Kunne ya waiga ya kalli Likita. Ba wai so yake ya ambaci Auta ba. Jira yake ya ce kalma biyu kawai, cewa kwamiti ne ya sa shi wannan aikin, cewa a gaban kowa aka yi maganar. Likita na kallon fayil ɗin da ke hannun matar.

"Ciyaman, ka san mai shi?"

"Ranki ya daɗe, masu kawo masa aiki suna da yawa, daga ko'ina suke zuwa. Mu dai ƙara muke ji."

"Daga nan take fitowa?"

Likita ya gyara zaman rigarsa a kafaɗa. "To, ga bidiyo kin gani."

Kunne ya kau da kai daga gare shi. Ya dubi sauran. Tela ya sunkuyar da kai. Direban tanka, wanda kwana biyar da suka wuce ya tsaya a nan yana godiya an gyara na ɗansa, ya ciro waya yana dannawa. Sista ta koma bayan wata mata. Duk wanda ke wurin yana da ɗa ko ƙane ko ɗan haya mai babur. In aka ce ba Kunne ba ne, tambaya ta gaba ita ce to su waye.

Digiri ta kutso gaba. "Ranki ya daɗe, ni na rubuta wasiƙar. Shi ne ya fara sa hannu, ki duba. Kyauta yake gyara su. Baffa, ka faɗa mata mana!"

"Ke 'yarsa ce?" in ji matar. "To ki bari manya su yi magana." Ta juya ga Kunne. "Kana da takardar izinin yin wannan aiki a cikin gidajen mutane?"

Ba shi da ita. Lokacin da ya kafa rumfar gidaje huɗu ne a layin, sauran fili. Ta bi wayar lantarkin da ta fito daga tagar kemis ta shiga injin waldarsa, ta tambayi wanda ya ba shi wuta da bango.

"Tausayi ne, ranki ya daɗe," in ji Likita. "Mutum da iyali. Amma na daɗe ina ba shi shawara ya nemi wuri a cikin 'yan'uwansa masu gareji."

Bai taɓa faɗa masa haka ba, ko da wasa. Sunan Auta ya zo wa Kunne har kan harshe. Ya tuna nauyin yaron a kafaɗarsa, ya tuna ya ce na yi maka. Ya kuma gaya wa kansa wataƙila dabara ce, Likita na so su tafi ne ya bi ta bayan fage ya gyara. Ya haɗiye sunan.

Suka fesa jan fenti a turakun rumfar, suka ba shi takarda: kwana bakwai ya kwashe. Suka ɗora Aradu a motarsu suka tafi da shi.

Da yamma bai ga Likita ba, an ce ya fita. Washegari da ya zo buɗe aiki ya tarar an zare wayar lantarkin, an naɗe ta da kyau an ajiye masa a kan benci. Tagar da take bi an toshe ta da kwali.

Sista ce kaɗai ta zo, ta tsaya daga nesa da jakar aiki a kafaɗa. "Baba, wallahi ni abin da na gani na ɗauka. Ban san haka za ta kasance ba."

"Kin gani. Amma ranar taro ma kina nan."

"In na buɗe baki ƙanena zan jefa. Shi ma nasa yana cikin waɗanda ka gyara."

"Na sani. Je ki kwanta, kin kwana aiki."

A gida Umman yara ta yi ta tambayar abin da ya sa ya tsaya kamar gunki aka yi masa wannan. Ya tuna alkawarinsa, ya ɗauki buta ya fita. Digiri ta daina cin abinci sosai, ta rubuta wasiƙar ƙorafi ta kai ofishin hukumar sau biyu. Aka ce mata ta kawo sa hannun ciyaman.

A kwana na biyar yana kan tsani yana zare ƙusoshin rufi, Likita ya fito. Ba kofi a hannunsa. Ya tsaya a gindin tsanin yana waige-waige.

"Sannu da aiki, Kunne."

"Yauwa."

"Ka san abin nan ba a son raina ba. Matar nan ba ta da sauƙi. Da na yi wata magana, da yanzu shagona ma da jan fenti."

Kunne ya zare wata ƙusa ya jefa a gwangwani.

"Sauko mana mu yi magana."

Ya sauko. A ransa ya ce to, ga shi nan, ya zo da gyaran. Ko ya samo wanda zai ɗaga takardar, ko zai sa hannu a ta Digiri. Har ya ji zuciyarsa ta fara sanyi, yana shirya abin da zai ce don kada ya ba tsohon abokinsa kunya da yawa.

Likita ya rage murya. "An sako babur ɗin jiya. Na samu wanda ya shige min gaba, ba a rubuta sunan kowa ba. To salansar ce. Irinta ba a samu a kasuwa, sai an yi oda. Na ce bari in karɓa kafin ta ɓace a cikin kwashe-kwashen nan."

Kunne ya tsaya yana kallonsa. Ya kalli furfurar da ta fito masa a gefen kunne, wadda a gabansa ta fara fitowa ɗaya-ɗaya.

"Wanda ya shige maka gaban, ka yi masa maganar rumfata?"

"A hankali ake bin irin wannan. In na haɗa biyu sai a gane da alaƙa."

"Takardar Digiri fa? Sa hannunka kawai suke nema."

"Haba Kunne. In sa hannu a takardar da ke ƙaryata abin da na faɗa a gabansu? Ka yi tunani mana. Bari ƙurar ta lafa."

Kunne ya shiga ƙarƙashin rabin rufin da ya rage, ya buɗe akwatin kayan aiki. Ya ɗauko ɓari biyun salansar, da bangaye uku da ya riga ya yanka ya goge, da bututun da ya huda da hannunsa huji sittin da wani abu. Ya zuba su a buhu ya miƙa masa.

Likita ya leƙa ciki. "A'a, ba ka haɗa ba? Ɗan ɗinke min ita mana, aikin minti nawa ne a wurinka?"

"Da wace wutar?"

Likita ya naɗe bakin buhun. Ya saƙale buhun a ƙarƙashin babbar riga, ya bi ta jikin bango ya shige shagonsa. Kunne ya koma kan tsani. Sai da ya kai guduma sau uku kafin ya samu kan ƙusa.

Digiri na tsaye a bayan tarin kwanon da aka sauke, ta kawo masa ruwa, ta ji komai. Ta ce za ta bi gida-gida ta faɗa. Ya ce ta bari. Ta ce me ya rage da zai rufa wa mutumin nan. Ya ce ba don uban ba ne, kuma ko ta faɗa ba wanda zai yi mamaki, rabinsu sun riga sun zarga, shirun ya fi musu sauƙi. Ta zauna a kan kwanon ta yi kuka, ya bar ta ta yi, yana ta zare ƙusa.

A kwana na bakwai aka kwashe komai a mota ɗaya. Wani da suka koyi aiki tare ya ba shi lungu a garejinsa, can ƙarshen gari, mota biyu ake hawa kafin a kai. Yana da shekara hamsin da takwas ya koma jiran a ce masa ga aiki. Masu motocin da suka saba da shi kaɗan ne suka gano wurin. Auta ya samu aikinsa. Inda rumfar take, Likita ya sa an share an shafe da siminti, masu sayen magani na ajiye ababen hawansu. Tudun rage gudun da aka roƙa ba a zo an sa ba.

Kunne na nan a gidansa na cikin layin, don ba shi da wani. Da safe yakan fita ta lungun baya, ya zaga ta bayan makaranta ya ɓulla babban titi, tafiyar da ta ninka ta da sau uku. Hawan jini ya kama shi a watan da ya biyo baya, aka rubuta masa ƙwayar da zai riƙa sha kullum. Duk ƙarshen wata Digiri ke karɓar takardar, ta wuce ƙofar kemis ba ta waiga ba, ta tsallaka titi biyu ta sayo a wani shagon.